Laimar Teku: Harbinta da Dalilin Yawaitarta a Gaɓar Ruwa

Lacca ce da aka gabatar a Gyallesu, Tudun Wadan Zariya

 

Wani dare a watan Disamba na 1999 wuta ta ɗauke a tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, inda babban birninsu Manila yake. Mutum kusan miliyan 40 suka shiga duhu. A Zariya ɗaukewar wuta ba labari ba ce, sai dai wani ya ce "sun ɗauke" a ci gaba da hira. A can kuwa hankali ya tashi, domin ana raɗe-raɗin sojoji za su kifar da gwamnatin Shugaba Joseph Estrada, wasu kuma suna zaman jiran rikicewar kwamfuta da aka yi ta cewa za ta zo da shekarar 2000. Daga baya aka ji gaskiyar magana. Tashar wutar Sual, wadda ke zuƙo ruwan teku don sanyaya injinanta, ta zuƙo wata halitta mai santsi har bututun suka toshe. Sai da aka cika tifa kusan 50 kafin a kwashe ta.

Halittar ita ce jelifish, wadda za a riƙa kira laimar teku a wannan lacca, don haka siffarta take: kai mai faɗi a buɗe, da zaruruwa suna reto a ƙarƙashinsa. Ba kifi ba ce, 'yar'uwar murjani ce. Kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, shi ya sa idan igiyar ruwa ta jefo ta kan rairayi rana ta buge ta, kafin a jima sai a tarar da tabo kawai. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa. Kafa ɗaya ce a jikinta, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma abin da ya rage ke fita. Duk da haka masana sun tono alamun jikinta a jihar Yuta ta Amurka, cikin dutsen da suka ƙiyasta ya haura shekara miliyan 500.

Wani zai ce ina ruwan Bazazzagi da abin da ke cikin teku, shi da babban ruwan da ya sani bai wuce Galma da madatsar jami'a a Samaru ba. Amsar tana tashar mota. Babu ranar da manyan motoci ba sa tashi daga Zariya zuwa Legas da Fatakwal. Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Nima da Sabon Zango a Akara, da na zangon Kwatano da Lome, duk maƙwabtan teku ne, kuma ranar sallah samarinsu bakin ruwa suke nufa. Ga alhazai da masu Umra a Jidda, ga ɗalibai a Iskandariyya. Galibinsu ba su iya iyo ba, ba su kuma taɓa jin cewa abin da ba ya da haƙori ko ƙari zai iya kwantar da ƙato ba. Najeriya kanta tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853.

Ba a teku kaɗai take ba. Akwai wata ƙarama ta ruwan daɗi, wadda faɗinta bai wuce santimita biyu ko uku ba, da aka bayyana daga tafkin Tanganika a 1893. A 1906 wani masani Bature, E. T. Browne, ya buga rahoton samun irinta a Kogin Kwara. Ba ta cutar da mutum. Amma dai ga shi, kogin da ruwan Zariya ke ƙarewa a cikinsa yana da tasa laimar.

Yanzu sai batun harbi, wanda shi ne abin da ya fi jan hankalin jama'a.

A jikin kowane zare akwai dubban ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya kwanso ne a rufe, a cikinsa an naɗe wata siririyar allura mai ƙaya, a wajensa kuma akwai ɗan gashi da ke aikin kunamar bindiga. Da zarar naman wata halitta ya taɓa gashin, kwanson zai buɗe, allurar ta fito ta huda fata ta zuba dafi. A 2006 wasu masana a Jamus suka ɗauki hoton wannan fitowa da kyamara mai tsananin sauri, a jikin wata 'yar'uwarta ta ruwan daɗi da ake kira haidira, suka ga abin yana aukuwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Yana cikin motsi mafi sauri da aka taɓa aunawa a jikin wani abu mai rai.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Ƙwayar ba ta jiran umurni daga ko'ina, saboda haka matacciyar laima da ke yashe a rairayi tana harbi, guntun zaren da ya tsinke yana yawo a ruwa shi ma yana harbi. Yaro ya ga abu shuɗi mai sheƙi ya ɗauka, sai kuka. Na biyu, ba duka ƙwayoyin ne ke tashi a taɓawar farko ba. Da yawa suna maƙale a fata ba su fashe ba tukuna, kuma abin da aka yi wa wurin a mintunan farko shi zai sa su kwanta ko su tashi gaba ɗaya.

Yawancin harbi bai wuce raɗaɗi da ja da kumburi mai kama da shatin bulala ba. Farar laima mai zobe huɗu a ka, wadda ta fi kowacce yaɗuwa a duniya, da kyar ma ake jin nata. Amma akwai waɗanda ba a wasa da su. A arewacin Ostareliya da tekunan Filifin da Tailan akwai mai siffar akwati, mai kusurwa huɗu da idanu 24. Babbar cikinsu tana iya ɗauke da zare 60, kowanne ya kai mita 3. Dafinta yana huda ƙwayoyin jini, sinadarin fotasiyam ya malalo cikin jini, zuciya ta tsaya. Wanda ta naɗe sosai zai iya cikawa cikin 'yan mintuna, tun kafin a fito da shi gaɓa.

Tana da ƙanwa da ake kira Irukanji, wadda kanta bai wuce santimita ɗaya ba. Shekara da shekaru mutanen yankin Kens na Ostareliya suna fitowa daga ruwa lafiya ƙalau, bayan kamar rabin sa'a sai ciwon baya da amai da zufa da hawan jini su rufe su, ba a san abin da ya taɓa su ba. A 1961 wani likita, Jack Barnes, ya kamo 'yar halittar da yake zargi. Don ya tabbatar, sai ya manna ta a jikinsa, da jikin wani mai aikin ceto a bakin ruwa, da kuma jikin ɗansa mai shekara tara. Su ukun duka aka kwasa zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Ilimi ya ƙaru, an ma sa wa halittar sunansa, amma babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai amince da irin wannan a yau, balle uwar yaro.

Wadda ta fi kusa da gaɓar Afirka ta Yamma ita ce wadda Turawa suka laƙaba wa sunan jirgin yaƙin Fotugal. Tana da jaka shuɗiya cike da iska da ke shawagi a saman ruwa, iska na kaɗa ta duk inda ta so, zaruruwanta kuwa sukan kai mita 10, wani lokaci har 30. Ba kasafai take kisa ba, amma zafin harbinta kan sa mai iyo ya rikice ya nutse. Wannan halitta tana da matsayi a tarihin likitanci. A 1901 Yarima Albert na Monako ya ɗauki masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, cikin jirgin ruwansa zuwa wajen tsibiran Kef Bad, gaba da Senegal, don su binciki dafinta. Da suka koma Faris suka ci gaba da gwaji da dafin wata danginta. Tunaninsu shi ne idan aka ba kare kaɗan, jikinsa zai saba ya sami kariya. Akasin haka ya faru. Wani kare da ya jure allurar farko, da aka ƙara masa ɗan kaɗan bayan kimanin mako uku, sai ya faɗi ya mutu cikin ƙasa da sa'a guda. Ta haka aka gano anafilaksis, wato mummunan borin jinin da kan kashe mutum daga allurar fenisilin ko harbin zuma ko cin gyaɗa. Richet ya sami kyautar Nobel a 1913 saboda wannan. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta tambayi majinyaci ko wani magani na tayar masa da bori kafin ta yi masa allura, daga wancan bincike ta gaji tambayar.

To, me ke sa su yawaita har su toshe tashar wuta?

Sai an san yadda suke haihuwa kafin a gane. Laimar da ake gani tana shawagi mataki ɗaya ce kawai a rayuwar halittar. Idan ta saki ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar da ta fito takan nemi wuri mai tauri ta manne, ta zama wani ɗan tsiro da ake kira folif, wanda bai wuce 'yan milimita ba. Folif na iya zama a wurin shekaru, yana toho yana haifar 'yan'uwansa ba tare da namiji ko mace ba. Idan yanayi ya yi masa daidai, zafin ruwa ya sauya, abinci ya wadata, sai jikinsa ya tsattsage gida-gida, kowane gida ya ɓalle ya zama jaririyar laima. Miliyoyin folif sukan yi haka a lokaci guda. Shi ya sa masunci zai kwana teku fes, bayan 'yan makonni ya tarar ba wurin jefa taru. Irin wannan ambaliya daɗaɗɗiya ce, tana cikin ɗabi'ar halittar. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa a wasu gaɓoɓi ta daina zama baƙuwa ta zama 'yar gida.

Babu inda amsar ta fito fili kamar Namibiya. Tekun ƙasar yana cikin mafi albarka a duniya, domin igiyar Bengela tana taso da ruwan sanyi mai cike da abinci daga ƙasa. A 1968 kaɗai an kama kifin sadin kusan tan miliyan 1.4 a wurin, lokacin ƙasar tana hannun Afirka ta Kudu, manyan jiragen ƙasashen waje kuma suna ɗiba ba mai tsawatawa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 sadin ya ƙare, bai kuma farfaɗo ba har bayan samun 'yanci a 1990. A 2006 Christopher Lynam da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi a wannan ruwa: laimar teku tan miliyan 12.2, kifi kuwa tan miliyan 3.6. Nauyin laima ya ninka na kifi fiye da sau uku.

Yadda abin ya auku ba shi da wuyar fahimta. Sadin da laima abinci ɗaya suke ci, wato ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. Muddin sadin na da yawa, shi ke cinye kaso mafi girma, yana kuma haɗawa da ƙwai da jariran laima. Da aka kwashe shi, abincin ya zama na laima ita kaɗai. Da ta yi yawa kuma sai ta juyo tana cin ƙwan kifi da 'ya'yansa, ta yadda ɗan ragowar sadin ba zai iya tasowa ba. Manomin Zazzau ya san irin wannan a gonar dawa: wuta-wuta ba ita ke gajiyar da ƙasa ba, gajiyayyar ƙasa take samu ta kama, amma idan ta kama ita ke hana gonar komawa yadda take. Tsuntsayen teku da suka dogara da sadin sun ragu ƙwarai a Namibiya. A 2018 gwamnatin ƙasar ta hana kamun sadin gaba ɗaya, shekara 50 bayan waccan babbar ɗiba. A kudancin wannan igiyar ruwa, wajen Afirka ta Kudu, inda ƙananan kifaye ba su ƙare ƙarƙaf ba, laima ba ta mamaye haka ba.

Wannan labari ya kamata ya dami duk wanda ke sayen kifin ƙanƙara a kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari. Taitus da kote da shawa duk kifayen teku ne masu tafiya garke-garke, irin waɗanda ke riƙe da wancan ma'auni. Najeriya ba ta kama abin da zai ishe ta, shigo da shi take yi. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya kuwa, musamman garin Nuwadibu, an kafa gomman masana'antu da ke niƙa ƙananan kifaye su zama gari da mai, a tura Turai da Asiya a ciyar da kifin gona da dabbobi. Ana niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar da haɗin gwiwa a 2021 ya ce fiye da tan 500,000 ake kwashewa haka kowace shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33. A Gana kifin ya ragu har gwamnati ta fara rufe teku ga masu kwale-kwale na tsawon wata guda a 2019. Hanyar da Namibiya ta bi ke nan, ana binta ido buɗe, kuma a wannan karo ba wanda zai ce bai ga abin da ke ƙarshenta ba.

Dalili na biyu daga tudu yake gangarowa. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gona, da ruwan kwata, da na masai da mayanka, duk abinci ne ga gansakukar ruwa. Idan ta yi yawa ta mutu ta nutse, ruɓewarta na shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Kifi ba ya jure haka, ko ya gudu ko ya mutu. Laima da folif ɗinta suna jurewa. Ga kuma ruwa ya gurɓace ya yi duhu: kifi da ido yake farauta, ita kuwa lalube take yi da zare, duhu bai dame ta ba. A mashigin tekun Meksiko, inda kogin Misisifi ke zuba takin gonakin masarar tsakiyar Amurka, yankin da iska ta ƙare a ƙasan ruwa ya kai murabba'in kilomita 22,700 a 2017, ya fi faɗin Jihar Kano. Manoman da takinsu ya jawo haka suna nesa da teku da fiye da kilomita dubu, wasunsu ba su taɓa ganinsa ba.

A nan ne Gyallesu ta shigo cikin lissafi. Kogin Kubanni na kwaso ruwan Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada ta zuba a Galma. Galma ta kai wa Kogin Kaduna, Kaduna ta kai wa Kwara, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, su gangara tare har Tekun Atlantika. Gaskiya ne madatsun Shiroro da Zungeru suna tare wani kaso a hanya, gaskiya ne kuma manomin nan bai samu takin da ya ishe shi ba balle ya yi ɓarna irin ta Amurka. Amma kwata da bola ba su da wannan uzuri. Duk wanda ya tsaya kan gadar Kubanni bayan ruwan farko na damina ya ga abin da ke wucewa. Leda ma tana da nata laifin na musamman. Babban maƙiyin laima shi ne ƙaton kunkurun teku mai baƙin baya, wanda kan ci ɗaruruwan kilo nata a yini, kuma gaɓar Gabon, nan cikin mashigin Gini, tana cikin wuraren da ya fi yin ƙwai a duniya. Farar leda a cikin ruwa ba ta da bambanci da laima a idonsa. Yakan haɗiye ta, ta toshe masa hanji.

Jiragen ruwa su ma sun ba da gudummawa. Jirgin da ya sauke kaya yakan ɗebi ruwan teku a cikinsa don daidaita nauyi, ya je wata nahiya ya zubar, tare da duk abin da ke ciki. Ta haka wata mai kama da laima, marar harbi, ta baro gaɓar Amurka ta bayyana a Baƙin Teku a farkon shekarun 1980. Ta tarar an riga an rage kifi, takin da kogin Danub ke kawowa kuma ya cika ruwan. Kafin 1990 kamun ƙaramin kifin da Turkawa ke kira hamsi ya rushe. Abin da ya kawo sauƙi shi ne wata baƙuwar da ta iso a 1997, wadda ba ta da abinci sai ta farkon. Mashigin Suwez, da aka buɗe a 1869 aka kuma faɗaɗa a 2015, shi ma ya zama ƙofa: wata babbar laima mai zafin harbi ta bi ta nan ta shiga Bahar Rum a shekarun 1970, yanzu kusan kowace bazara garkenta kan rufe gaɓar Masar da Falasɗinu da Lebanon.

Sauran dalilan gajeru ne. Kowace tashar jiragen ruwa, kowace katangar tare igiya, kowane turken haƙar mai, sabon masauki ne ga folif a wurin da a da rairayi ne kawai. Ɗumamar ruwa kuma tana sa wasu nau'o'in saurin tsagewa da daɗewa a gaɓa.

Japan ta ga haɗuwar waɗannan dalilai. Akwai wata ƙatuwa da ake kira Nomura, mai faɗin mita 2 da nauyin kilo 200, da ke tasowa daga ruwan da ke tsakanin Sin da Koriya. A ƙarnin da ya wuce sau uku aka rubuta ambaliyarta, a 1920 da 1958 da 1995. Daga 2002 zuwa 2009 sai ta riƙa zuwa kusan kowace shekara. A 2009 wani jirgin kamun kifi mai nauyin tan 10 ya kife a gaɓar Ciba yayin da mutanensa uku ke jan tarun da ya cika da ita; wani jirgin ne ya tsamo su. A Ailan ta Arewa wani garke ya kashe kifin salmon fiye da 100,000 a gonar kifi a Nuwamban 2007. Tashar nukiliya ta Oskashan a Suwidin ta kashe inji ɗaya a 2013, ta Girabelin a Faransa kuma ta kashe injina huɗu a Agustan 2025, duk saboda toshewar matatar ruwa.

Adalci ya sa a faɗi cewa masana ba su haɗu kan cewa laima na ƙaruwa a duk duniya ba. Wani bincike na 2012 ya duba manyan yankunan teku 45, ya ga alamar ƙaruwa a kashi 62 cikin 100 nasu. Wani kuma na 2013, wanda Robert Condon ya jagoranta, ya tattara bayanan fiye da shekara 100 ya ce yawanta na hawa da sauka ne kusan duk shekara 20. Masu rubuta cewa laima za ta ci duniya sun zarce. Amma wannan saɓani bai wanke kowa ba a Namibiya ko Baƙin Teku, inda aka san ranar da kifi ya ƙare da kuma abin da ya maye gurbinsa.

Wasu sun ce tunda ta yi yawa a cinye ta. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna yin haka, su jiƙa ta da gishiri da alif har ta bushe ta yi ƙarau. Ta fuskar shari'a, mazhabar Malikiyya ta halatta dabbobin teku baki ɗaya. Sai dai abin da kusan dukkansa ruwa ne ba zai riƙe cikin yaro yadda shawa ke riƙewa ba.

Saura abin da za a yi idan ta harbi mutum, don amfanin matafiya. A fara fito da shi daga ruwa, domin kada ya nutse. A wanke wurin da ruwan teku. Kada a zuba fiya wata ko ruwan famfo mai sanyi, saboda ruwan daɗi na tayar da ƙwayoyin da ba su fashe ba. Kada a murza, kada a goga rairayi ko tawul. A cire zaruruwan da suka maƙale da hantsaki ko da hannu cikin safa. Fitsari, wanda jahilci ya yaɗa a duniya a matsayin magani, ba ya maganin komai, haka fetur da giya da man shafawa. Ga mai siffar akwati, ruwan khal ne ake kwararawa na aƙalla daƙiƙa 30, yana kashe ƙwayoyin da suka rage, shi ya sa ake ajiye kwalabensa a bakin ruwa a arewacin Ostareliya. Game da mai shuɗiyar jaka likitoci sun saɓa kan ruwan khal, amma sun haɗu kan ruwan zafi: a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da bai wuce digiri 45 ba, wanda lafiyayyen hannu zai iya jurewa, na minti 20 ko fiye. Zafin yana rage raɗaɗi sosai.

Iyaye masu 'ya'ya a Legas da Akara da Jidda su isar musu da wannan. Idan an ga laimomi yashe a rairayi, ranar ba ta shiga ruwa ba ce, kuma kada yaro ya taɓa ko da matacciya. Idan wanda aka harba ya fara sarƙewar numfashi, ko ciwon ƙirji ko na baya, ko amai, ko fuskarsa ta kumbura, ko harbin ya kama ido ko babban sashe na jiki, a bar duk wani maganin gida a nufi asibiti nan take. Idan numfashi ya tsaya, a riƙa danna ƙirji ba ƙaƙƙautawa har a isa hannun likita.